Yatsu Uku

Zoben ya sake zamewa daga yatsan Shugaban masunta, ya faɗa kwanon wanke hannu. Matarsa ta tsamo shi, ta ajiye a gefe.

Dokar tafkin tsohuwa ce. Kafin a buɗe kamun kifi kowace shekara, kowa zai shimfiɗa tarunsa a bakin ruwa, Shugaba ya zura yatsunsa uku cikin idon saƙar. In sun shige, ƙananan kifi ma za su fice su girma. In sun maƙale, sai a cinna wa tarun wuta a gaban jama'a. Bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba. Har na ƙanensa ya taɓa ƙonawa.

Amma manyan kifi sun yi ƙaranci, garin kuwa ba gona, ba masana'anta, sai ruwa. 'Ya'yan Shugaba sun watse neman aiki, saura Auta da iyalinsa. Bana Auta ya saƙa taru mai matsattsen ido.

"Baba, mai faɗin ido ruwa kawai yake tacewa," in ji Auta. "In ka ƙona wannan, motar safe zan bi da yaran."

"In na bar shi, me jikokina za su kama in sun girma?"

"Su ci na yau tukuna, Baba."

Tsohon ya tashi ya shige ɗaki. Tun daga nan jikinsa ya fara zubewa. Likita ya duba, bai ga ciwo ba. A ɗaki ake kai masa abinci, kwano ya fito fes.

"Malam, kana ci kamar gara, kana ramewa kamar tsinke," in ji matar. "Ina yake zuwa?"

"Tsufa ne, uwargida."

Kajin gidan ne kaɗai suka yi ƙiba a shekarar.

Ranar awo aka hura wuta a bakin ruwa tun da safe. Kowa ya san irin tarun Auta, kowa ya zuba ido. Auta ya sunkuyar da kai. Shugaba ya durƙusa da ƙyar, ya haɗa yatsu uku, ya zura. Suka shige har gindi.

"Ya wuce," ya ce. Bai dubi ɗansa ba. Ruwan ya tsura wa ido, ya daɗe.

A wannan lokacin matar tana share masa ɗaki. Ta leƙa taga, ta ga kaji suna tsattsagar ragowar abincin jiya a gindin bango. Ta ɗaga matashinsa, sai ga ƙyallen saƙa da aka yanko daga tarun Auta, ido ɗaya ya yi baƙi don yawan gwaji. Nan ta zauna a bakin gado. Ba ciwo ke cin Malam ba. Yunwa ya zauna da ita, har yatsunsa suka yi daidai da tarun ɗansa.