Maganar Roshin Ce

Datti yana zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida yana tsinkar gyaɗa, sai ga ɗansa Mus'ab ya fito da waya a hannu, fuska ba walwala.

"Baba, Khaula ce ta bugo. Tana asibiti a Gaya. An ce maganar roshin ce."

Gyaɗar da ke hannun Datti ta zube. Khaula ita ce autarsa. Bara ta tare a gidan mijinta a Gaya, yanzu cikinta wata takwas.

"Mene ne roshin?"

"Gaggawa, Baba. Abin da ba ya jira."

Bai ƙara tambaya ba, ya dafa sanda ya miƙe. Ƙafarsa ta dama, wadda fartanya ta sara sati uku da suka wuce, ta ƙi shiga takalmi. Ya bar takalmin a nan, ya ja ƙafar da tsumman da ke ɗaure da ita. Kafin ya kai bakin hanya, motar Kamilu direba tana tsaye a kunne. Matar Datti, Hanne, har ta shige baya kusa da Mus'ab, ta rungume jaka da tabarma da buta. Maƙwabta sun fito sun jeru a jikin katanga.

"Allah ya ba da lafiya, Malam Datti."

Ya amsa, ko kallonsu bai yi ba.

Tun da suka bar ƙauyensu Toranke kalmar nan ta hana shi sakat. Ba yau ya fara jin ta ba. A kasuwar Ajingi, idan 'yan sari suka yi wa gyaɗa caa har ta ƙare kafin azahar, samari cewa suke ana roshin. Wannan abin murna ne. Amma ya taɓa jin ta ranar da aka kama wani da akuyar sata, aka ce jama'a sun yi roshin ɗinsa, da ƙyar aka ƙwace shi da rai. Ga shi kuma a kunnen Datti kalmar tana kama da rushewa. Daminar bana ta jiƙa katangu, gidan su Khaula kuwa ginin ƙasa ne.

"Kamilu, kai da kake yawon gari, wanne ne a ciki?"

"Mu dai a tasha, Baba, idan fasinjoji suka yi wa mota yawa suna turereniya, shi ne roshin." Ya kalli Mus'ab ta madubi. "Na asibiti kuwa, sai likita."

"To, taka motar nan."

Kamilu ya taka. Mutane suna tsayar da shi a gefen titi, ga kujeru babu kowa, bai tsaya wa ko ɗaya ba.

"Mus'ab, kira min ita in ji muryarta."

"Ta ce kada a kira, Baba. Mu dai zo."

"Da bakinta ta faɗa?"

"Da bakinta."

Datti ya riƙe wannan. Tana magana ke nan, aƙalla ɗazu.

Rana tana tsaka, amma sanyi yake ji har cikin ƙashi, gumi kuma yana bin wuyansa. Hanne ta miƙo hannu ta share masa goshi da bakin mayafinta, hawaye suna zubo mata.

"Ki daina kuka, ki yi mata addu'a," in ji shi.

Sai kukan ya ƙaru.

Kwana goma da suka wuce Khaula ta zo gida. Da wannan nauyin nata ta durƙusa a gabansa tana roƙonsa a kan wata magana da ba ya son ji. Ya daka mata tsawa a gaban mutane. Ta koma Gaya ko tuwon da aka zuba mata ba ta taɓa ba. Yanzu tsawar ce take ta dawo masa, ita ce kalma ta ƙarshe da ta ji daga bakinsa.

Shekara goma sha ɗaya rabonsa da asibiti. Tun da wansa Kabo ya cika a hannunsa a wani asibiti a Kano, ya rantse ba zai sake taka irin wannan ƙofar ba. Ko dubiya aike yake yi, duk Toranke an sani. Ya tuna rantsuwar, ya ce a ransa zai yi kaffara.

"Ya Ubangiji," yake faɗa a hankali, "idan ajali ne ya zo gidana, ga ni, na tsufa. Ka bar yarinyar nan."

Motar ba ta gama tsayawa ba ya buɗe ƙofa. Ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, ya zube a kan gwiwa. Nan take ma'aikata biyu suka iso da keken marasa lafiya.

"Ba ni ba ne! 'Yata ce, Khaula!"

"Zauna, Baba, keken ya fi sauri."

Jin haka ya zauna. Suka tura shi da gudu, yana leƙa kowace ƙofa yana kiran sunanta. Suka shiga wani ɗaki, suka tsaya a gaban wani gado. An ja zanin gadon sumul, ga ledar ƙarin ruwa a rataye. Babu kowa a kai.

Datti ya daɗe yana kallon gadon. Ya san abin da gado babu kowa yake nufi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na makara?"

Aka dafa kafaɗarsa ta baya. Ya waiwaya. Khaula ce tsaye da ƙafafunta, da cikinta, riƙe da katin asibiti, idanunta sun yi ja. Ta durƙusa da ƙyar ta kama hannunsa.

"Baba, ka yafe mana, lafiyata ƙalau. Yaya Mus'ab ya turo min hoton ƙafarka, na nuna wa likita, ya ce idan ta ƙara kwana ba ita kaɗai za mu rasa ba. Gadon nan naka ne, kai aka yi wa roshin."