Muryar Mama a Filashi

Sai da aikin ya kusa kai ƙarshe Injiniya ya lura fitilar filashin ba ta ƙiftawa. Ya duba allon, ya sake dubawa. Maimakon filashin, ashe ya zaɓi faifan cikin kwamfutar Baba, mahaifinsa. Sabon tsarin da ya haɗa ya bi ta kan duk abin da ke ciki ya shafe tas.

Shi fa alheri ya nufa. Kwamfutar ta tsufa, idon Baba ma ya yi rauni, kullum sai ya danna abin da bai kamata ba a kira Injiniya daga shago. Shi ya sa ya haɗa masa tsari na musamman mai tashi daga filashi. Ya cire tarkacen manhajoji ya bar abu ɗaya: da an kunna, ba tambaya, ba lambar sirri, muryar Mama za ta fito. Duk abin da Baba ya dagula, a kashe a kunna ya koma daidai.

Muryar nan kuwa ita ke riƙe da Baba. A jinyarta ta ƙarshe Mama ta yi ta ɗaukar magana a wayarta, ta ce in ta tafi a riƙa kunna wa babansu. Auta, ƙanwar Injiniya da ta yi jinyar, ita ta kawo muryoyin cikin kwamfutar bayan rasuwa. Tun daga nan Baba ba ya haɗiyar maganin hawan jini sai ya ji Mama ta yi masa faɗan maganin.

Wai kuma Injiniya, mai cika wa masu kawo gyara kunne da "ku riƙa ajiye kwafi", shi ne bai ajiye ko ɗaya ba. Cewa ya yi sai ya gama haɗa filashin ya juye su. Kai, son gwaninta bai yi ba!

Ya gwada duk dabarar ceto da ya sani. Abin da ya fito, ƙara ce kawai kamar rediyon da ya rasa tasha. Ya ce wa Baba ana kan gyara. Baba ya ce to, ya ture kofin ruwan da ƙwayar gefe. Kafin mako ya zagayo ƙafafunsa sun kumbura, yana zaune gaban teburin da babu kwamfuta.

Injiniya ya nufi gidan Auta, ya same ta tana guga. Ya faɗa mata komai, yana jiran ta zazzaga masa masifa. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wayar Mama fa?" ya ce.

"Ta daɗe da lalacewa."

Ya yi ta kame-kame, sannan ya fito da abin da ya kawo shi. A cikinsu ita ta gaji muryar Mama. Ko za ta daure ta gwada kwaikwayonta a ɗauka, don ran Baba? Yana faɗa yana jin ƙyamar kansa. Auta ta kashe dutsen gugar, ta ce ya jira a falo.

Ta shiga ɗaki ta rufe taga, ta yafa ɗankwali a kan wayarta, ta ja kujera baya kaɗan, ta fara ɗauka. Bai gaya mata me za ta ce ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta bayan ƙofa ya ji Mama sak: "Malam, ka sha maganin nan ko sai na taso?" Har ɗan tarin da ke biyo baya, har dariyar da ke yankewa a tsakiya. Ba ta maimaita ko guda ba.

Wannan karon sai da ya cire faifan ciki gaba ɗaya kafin ya rubuta filashin. Ya mayar da kwamfutar, ya danna maɓalli, ya koma bakin ƙofa kamar ɓarawo.

Baba ya karkata kunne. Fuskarsa ta saki. "To, to, na ji," ya ce wa sifikar, ya lalubi ƙwayar ya haɗiye. Sannan ya kira Injiniya, ya dafa kansa ya yi ta sa masa albarka, wai ya dawo masa da matarsa.

Wallahi da Baba marinsa ya yi da ya fi masa sauƙi. Kumburin ya saɓe, Baba ya koma cin abinci, shi kuwa Injiniya abincin ya daina wuce masa. A shago ko filashi ya gani sai ya kawar da kai. Ya hallaka abin da uwarsa ta bari, ya sa ƙanwarsa ƙarya, kuma kullum safe ana yi masa addu'a a kan haka.

Ranar da Auta ta zo gaida Baba, ya tare ta a tsakar gida ya ce shi kam ya gaji, yau zai faɗi gaskiya, duk abin da zai faru ya faru. Ya nufi ɗakin. Ta sha gabansa ta riƙe masa hannun riga, idonta ya cika taf.

"In ka faɗa, ni ka tona wa asiri."

"Ke me ya shafe ki? Ni na goge, ni na roƙe ki."

Daga ciki muryar na tashi, Baba na amsa mata yana dariya. Auta ta rage murya.

"Washegarin rasuwa wayar Mama ta suɓuce mini a bokitin wanki, ban kwashi komai a cikinta ba. Yaya, waɗanda ka goge ɗin ma ni ce."