Wayar da Ke Amsa Sunan Mudassir

Ranar da kamfanin Hantsi ya fito da sabuwar wayarsa, Iya Dudu ta riga kowa isa shago. Shekara guda ke nan da rasuwar ɗanta Mudassir, wanda ya kafa kamfanin. An ce muryarsa aka saka a wayar, shi ne ta zo ta ji da kunnenta.

Ta jujjuya ta, ta leƙa bayanta. "Malam, ina ake dannawa?"

"Ba a dannawa, Iya," in ji mai shagon. "Sunan marigayi za ki kira, sai ya amsa. Duk wanda ya taɓa kiran sunansa yana raye, wayar ta san muryarsa."

Mudassir kuwa ɗan farin Iya ne. Shekara hamsin, kunya ba ta bar ta ta kama sunansa ba, sai dai ta ce "wannan yaron".

Ta waiga, ta ja mayafi ta kare bakinta, ta faɗi sunan a hankali kamar mai ɗanɗana miya.

"Na'am," in ji muryarsa, har da 'yar dariyar nan tasa. "Sannu da zuwa, baiwar Allah. Wa ke magana?"