Ranar da Muka Tone Mama

Shebur ya bugi katakon akwatin gawar Mama.

A tsibirinmu, bayan shekara biyar ake tone mamaci a wanke ƙasusuwansa da ruwan inabi. In sun fito tas, ƙasa ta karɓe shi. In da sauran nama, to akwai la'ana a kansa, kuma gari zai nemi bakin da ya yi ta.

Bakina ne. Ranar da Mama ta kwashe man zaitun ɗinmu na ƙarshe ta kai wa fitilun coci, na daka mata tsawa: "Kada ƙasa ta ci ki!" Ta ci gaba da gasa wa jikokinta burodi. Shekara talatin ban janye ba, har ta rasu.

"Me kake jira, tsohon jaki?" in ji yayata. "Riƙe kwanon."

Fada, limamin cocinmu, ya fara addu'a, aka ɗaga murfin. Ƙasusuwan sun fito tas, launinsu kamar zuma.

Ina cikin wankewa na lura da ƙoƙunan gwiwoyinta. Sun suɗe, sun yi santsi kamar tsohon sabulu.

"Yaya, wace cuta ce wannan?"

"Cuta? Daɓen coci ne. Tun ranar da ka yi mata baki, kullum da safe take durƙusawa, tana roƙon kada maganar ta dawo kanka."