Irin Kumandan a Kaskon Kaka

Ƙaurin irin nan bai bar hancina ba. Ina yarinya, zamanin Anasara, da la'asar gardin kumandan na Dogon Dutsi ya kawo shi cikin takarda, ya ce kowane gida ya shuka. Kakata ta shinshina, ta dubi kuɓewarta da yakuwa a garkar bayan ɗaki.

Yana fita ta ɗora kasko, ta soye shi tas.

Na ce, "Kaka, soyayyen iri yana tsirowa?"

"Ɗiyata, in ya tsiro, gobe garkar ta Anasara ce, mu masu ban ruwa."

Muka shuka shi layi-layi, muka jiƙa sosai don idon gardi. Ga ni da furfura, har yau ban san me muka soye ba.