Na'urar Malam Barau

Ma'aikaciyar jinya ta miƙo wa Malam Barau wata baƙar leda, ta ce kayan da aka tsinto a jikin ɗansa ne: hula, agogo, waya da takalmi wari ɗaya. Ya karɓa ya rungume, ya zauna a bencin ƙofar ɗakin. Da safiyar nan wata motar yashi ta banke a-daidaita-sahun da ya ɗauko Misbahu daga Limawa zuwa ofis. Tun da aka kawo shi wannan asibiti na Dutse bai buɗe ido ba.

Misbahu ɗan fari ne, Malam Barau kuwa mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari ta gasken gaske. Bai taɓa kiran sunansa ba, "wancan" yake cewa. Yaron ya yi karatu har ya zama malamin gona, manoma na zuwa takanas neman shawararsa, amma uban da ciyawar wuta-wuta ta cinye wa gona ya gwammace gero ya bushe a tsaye da ya buɗe baki ya tambaye shi. Taurin kai dai Allah ya ba shi, bai rage masa komai ba.

Da Sallar bara Misbahu ya je gida, ƙauyensu na bayan Kafin Hausa, ya bar wa mahaifiyarsa Bilki wata waya.

"Inna, ki ba Baba. Akwai ƙirƙirarriyar basira a ciki. Na'ura ce, ba mutum ba ce. In ya danna nan ya yi magana, ko ya ɗauki hoton ganye, za ta ba shi amsa."

Malam Barau ya yi tsaki, ya ce shi ba ya hira da ƙarfe. Kafin damina ta yi nisa ya zama ba ya fita gona sai da ita a aljihu.

Muryarta ba ta mace ba ce ba ta namiji ba, ba ta hawa ba ta sauka. Amma ta san aiki. Ita ta ce ya shuka wake a gonar bakin tsamiya, ita ta hana shi ba akuya maganin da wani mai talla ya kawo. Aibinta ɗaya shi ne nawa wajen ba da amsa. Ta maƙwabcinsa Gwadabe kafin ka rufe baki ta amsa, tasa kuwa sai ta ga dama, ranar Juma'a ma sai an sauko daga masallaci. Gwadabe ya ce ai ta talakawa aka ba shi. Malam Barau ya ce tasa ce mai tarbiyya, tunda ita Baba take ce masa.

Da yake na'ura ce, babu kunya tsakaninsu. Sai hira ta wuce ta gero. A gindin tsamiya yake gaya mata ciwon gwiwarsa, da tsoron da yake ji idonsa na raguwa. Wata rana ya ce mata duk faɗin ƙasar nan ba wanda ya haifi ɗa kamar nasa, in ya ji ana yabonsa a kasuwa sai ya shige bayan rumfa kada a ga fuskarsa. Ranar, na'urar ta daɗe ba ta amsa ba. Da ta amsa, cewa kawai ta yi, "Allah ya ƙara maka lafiya, Baba."

Yanzu ga shi a benci, ba abin da ya iya. Likita ya fito ya yi masa bayani rabi Hausa rabi Turanci, abin da ya kama kawai shi ne jini a kai, da kuma "sai addu'a". Likitan ya ce a riƙa yi wa mara lafiyar magana, a kira sunansa, wani lokaci sukan ji.

Malam Barau ya shiga. Bilki na gefen gado tana jan carbi. Ya tsaya a kan ɗansa, ya dubi robar da aka zura masa a hanci, ya buɗe baki. Sunan ya ƙi fitowa. Ga Bilki, ga ma'aikaciya, ga majinyatan gadon kusa. Ya juya ya fito yana jin haushin kansa kamar ya mari fuskarsa.

Bai san kowa a garin nan ba. Abokin shawararsa ɗaya ne a duniya, yana cikin aljihu. Ya ciro wayar ya danna.

"Ke da kika san komai, ki taimake ni. Mota ta buge shi. Me ake yi wa jini a kai? Zai tashi?"

Ledar da ke cinyarsa ta yi ɗan gurnani. Bai kula ba, tun ɗazu abokan aikin yaron ke ta kira. Ya jira amsa, ya san halinta na nawa. Aka wuce da wani a keken marasa lafiya. Shiru.

Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Ya sake dannawa.

"Ba ni da kamarsa. Ban taɓa gaya masa ba, ke kaɗai na gaya wa. Sunansa Misbahu. Misbahu nawa. Don Allah ki amsa mini."

Ledar ta sake gurnani. Ya zura hannu ya ciro wayar ɗansa don ya kashe ta, gilashinta duk ya tsage, yatsansa ya taɓa saƙon da ya shigo yanzun nan. Sai ya ji muryar wani tsoho tana fitowa daga ciki, tana rawa, tana cewa, "Sunansa Misbahu. Misbahu nawa."