Kyautar Wili da Tsinken Tsintsiya

Kai da kullum kake cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, zauna in ba ka misalin wani direba.

Shekara ashirin ya yi yana tuƙa motocin mutane kafin Allah ya ba shi tasa, wata tsohuwar gingimari mai tayoyi bibbiyu a baya. Da tumatirin fadama ya nuna, manoman ƙauyensu suka ce ba za su kira baƙo ba alhali ga ɗan gida, shi zai kai musu kayansu kasuwar Kudu. Lodinsa na farko ke nan, kuma wahalar rani guda ce ta mutanen da suka san shi tun yana rarrafe. Ana gobe lodi sai aka ga wilin baya ɗaya ya tsage, wato ƙarfen nan da ake ɗaura taya a kansa. Amininsa, wanda suka koyi tuƙi tare, yana jin labari ya gangaro masa da wani wili tun daga ƙarshen tasha, gumi sharkaf, ya ce kyauta ce. Suka ƙirga ramukan noti, goma nan goma can. Faɗi ɗaya, tsayi ɗaya, har fentin ma iri ɗaya ne. Daɗi ya kama direba kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

To, mai facin da zai ɗaura tayar wani tsoho ne mai nawa, irin waɗanda ba sa yarda da ido ko da nasu ne. Ya kwantar da tsohon wili da sabon a ƙasa, ya gitta miƙaƙƙen katako a bakin tsohon wilin, ya zura tsinken tsintsiya daga katakon har fuskar da noti ke kamawa, ya karya tsinken daidai nan. Da ya kai shi cikin sabon, sai tsinke ya leƙo saman katako da kaurin yatsa guda. Sabon bai kai tsohon zurfi ba. Wannan zurfi kuwa shi ne yake raba tayoyin nan biyu, ya bar musu tazarar da iska ke wucewa. Tsoho ya ɗaga kai ya ce, “Ɗana, wannan ba ɗan'uwan wancan ba ne. In kaya ya hau, tayoyin za su haɗa jiki.”

Direba ya san tsohon ba ya faɗin abin da bai auna ba. Amma ga amininsa a tsaye yana share gumi yana murmushi. Da wane baki za ka ce wa mutumin da ya yi maka haka kyautarsa ba ta yi ba? Kunya ta kama direba. Ya ce, “Ɗaura kawai, Baba.” Da aka ɗaura ya zura hannu tsakanin tayoyin, yatsu biyu suka shige, ya ce ai shi ke nan. Ya manta, ko kuma ya mantar da kansa, cewa motar ba ta ɗauke da komai a lokacin.

Washegari aka jera kwanduna har sama. Nauyi ya danne tayoyi, cikinsu ya bultso, na ciki da na waje suka shiga gugar juna. Tafiya ta miƙa, rana ta take, kwalta ta ɗau zafi. Wajen azahar, a wani daji da babu gida gaba babu gida baya, ya ji ƙaurin roba. Kafin ya gama taka birki tayoyin biyu suka fashe kusan tare. Allah ya tsare, mota ba ta kife ba. Sai dai tayar ajiya ɗaya gare shi, ita kuma ba za ta ɗauki wannan kaya ita kaɗai ba. Kwana biyu ya yi a gindin motar yana kallon ruwan tumatir na ɗiga ta ƙasan bodi, ƙudaje na biki. Kowane kwando direba ya san mai shi, ya san har ƙofar gidansa.

A rana ta uku aminin, da ya samu labari, ya iso da tayoyi da wili, wanda ya ciro daga ƙafar motarsa shi kansa, ya kuma kai wa tsohon nan ya auna. Ya dubi kayan, ya dubi abokinsa, idonsa ya ciko. Ya ce, “Haba, da ka yi magana a ranar, ai wannan ɗin zan ciro maka.” Kunyar da direba ya guje wa ta minti guda ce, ga shi ta dawo masa da 'ya'ya da jikoki. Da ya koma ƙauye ya shirya wa zagi, amma ba wanda ya zage shi. Wata tsohuwa mai kwando uku, iyakar abin da ta noma ke nan, ita ta fara tarbarsa, ta ce tun da ya dawo da ransa an gode Allah. Wannan magana ta fi masa zagi ciwo, ya juya baya ya yi kuka.

Har yau yana tuƙi, kuma manoman sun sake ba shi lodi. In ka buɗe aljihun motarsa za ka tarar da guntun tsinken tsintsiya a nannaɗe cikin takarda. Ko wa ya kawo masa wili, saye ko kyauta, sai ya kwantar da shi ya gitta katako, yana godiya yana awo. Ai Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba wane ba ne.